Wane janareta ya dace da motar da ake kwana a cikinta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a Tudun Wadan Zariya. Na sayi Hiace na cire kujerun baya, na sa gado da fanka da ɗan ƙaramin firji, saboda ina bin kasuwannin ƙauye sayen hatsi da citta, wani lokaci sai in kwana uku ko huɗu ban dawo gida ba. Ina kuma so in riƙa kai iyali Yankari ko Jos lokacin hutu. Wane janareta zan saya wanda ba zai ba ni kunya a hanya ba? Na ga Turawa a intanet suna ta yabon Honda da Yamaha, har da garantin shekara uku. Mu a nan garantin yana aiki kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a motar, ya kiyaye hanya.

Kafin mu kai ga sunan kamfani, ka fara tambayar kanka wa zai gyara maka injin ranar da ya ƙi tashi. Janaretan gida in ya tsaya, yaro kawai za ka aika Sabon Gari ya ɗauko makanike. Naka kuwa zai tsaya ne a Kachiya, ko Saminaka, ko wani ƙauye a bayan Soba, da dare bayan kasuwa ta watse. Matsalar kuma ita ce injin da ya fi dacewa da mota, wato marar ƙara, marar nauyi, marar shan mai, shi ne wanda makanikan ƙauye suka fi ƙarancin saninsa. Wanda kowa ya iya kwancewa ya ɗaure kuwa shi ne mai ƙara da nauyin tsiya. Tsakanin waɗannan biyu za ka yi zaɓinka.

Mu yi lissafin kayanka tukuna, don da yawa a nan suke ɓarnar kuɗi. Ƙwan fitila na zamani guda uku ba za su wuce wat 30 ba. Fanka biyu, ka ce wat 120. Cajin waya da kwamfutar cinya, wat 100 ya ishe su. Ƙaramin firji yana cin wat 80 zuwa 100 in yana aiki, amma daidai lokacin da kwamfuresarsa za ta tashi yakan fizgi ninki uku ko fiye na ɗan daƙiƙa ɗaya, shi ya sa kake ganin fitila ta lumshe in firji ya kama. Ka haɗa duka har da ƙaramar talabijin ta yara, da ƙyar ka kai wat 400. Ka ga ashe ba wani babban inji kake bukata ba.

Abin da ke kumbura lissafi shi ne duk wani abu mai yin zafi. Butar lantarki ita kaɗai tana cin wat 1,500 zuwa sama da 2,000. Dutsen guga wat 1,000 ne ko fiye, rishon lantarki ma haka. Ka bar waɗannan wa ƙaramar tukunyar gas, ka dafa shayinka a waje. Ba dabara ba ce ka ɗauki injin da ya ninka bukatarka sau biyar saboda ruwan zafin minti huɗu. Sai maganar na'urar sanyaya ɗaki, wadda na san uwargida za ta tayar da ita a watan Afrilu. Mai ƙarfin doki ɗaya tana cin wajen wat 800 zuwa 900, kuma tsohuwar ƙira takan nemi ninki biyu ko uku wajen tashi. Sabuwar ƙira mai inbata, wato mai na'urar da ke daidaita gudun kwamfuresarta, tana tashi a hankali, ita ce kaɗai zan yarda a haɗa da ƙaramin janareta.

Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba ita za ka duba ba. Kowane janareta lamba biyu gare shi: ƙarfin da zai iya kaiwa na ɗan lokaci kaɗan, da ƙarfin da zai riƙe yana aiki awa da awa. Honda EU22i, misali, 2,200 ne ƙololuwarsa, amma 1,800 yake riƙewa. Yamaha EF2000iS kuma 2,000 ne a sama, 1,600 a aiki. Ƙaramin Honda EU10i 1,000 ne da 900. Waɗannan kamfanoni suna rubuta duka biyun. Akwai kuma injinan da za ka ga an manna musu 3800 ko 4500 a jikin tanki, alhali lambar samfuri ce kawai, ba ta da alaƙa da ƙarfinsu. Ka duƙa ka karanta ɗan ƙaramin allon da ke gefen inji, inda aka rubuta bolt da wat da nauyi. In babu wannan allo, ko lamba ɗaya tak aka rubuta, ka wuce shago na gaba.

Ko lambar gaskiyar ma sai ka rage mata wani abu, saboda a daidai matakin teku ake auna ta, cikin iska mai sanyi. Inji mai kafireto, wato ɓangaren da ke haɗa fetur da iska, yana rasa wajen kashi 3.5 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, domin iska tana yin shara-shara in aka yi sama. Zariya kanta ta haura mita 600, ka ga tun a ƙofar gidanka ka bar kashi 7. Jos kusan mita 1,200 ce, wato kashi 14, sai injin mai 1,800 ya koma wajen 1,550. In wata rana tafiya ta kai ka tsaunin Mambila, wanda ya wuce mita 1,500, abin ya fi haka. Zafin bazara shi ma yana cin nasa rabo. Saboda haka nake cewa kada kayan da za su daɗe a kunne su wuce kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da injin yake riƙewa.

A kasuwarmu iri uku za ka tarar. Na farko ɗan ƙaramin nan da ake haɗa masa baƙin mai da fetur, wanda kowa ke kira Tiger ko da wane kamfani ne ya ƙera shi. Yana da araha kuma ba nauyi, amma ƙirarsa ta mai hayaƙi ce, wutarsa tana hawa da sauka, kuma ƙarfinsa na aiki bai cika wuce wat 650 ba. Wannan ka cire shi daga lissafi.

Na biyu shi ne na gidajenmu da shagunanmu, mai firam ɗin ƙarfe da tanki a sama, irin su Sumec Firman da Elepaq da Lutian da sauransu. Yawancinsu an kwaikwayi injin Honda GX160 da GX200 ne wajen ƙera su, don haka kayan gyaransu suna shiga juna. Kafireto, fulogi, ringi, igiya, kwayil, duk garin da ke da masu gyaran injin ban ruwa ko injin markaɗe za ka samu, kuma yaron shago ma ya iya sa su. Wannan babbar daraja ce ga matafiyi. Illarsu ita ce dole injin ya riƙa juyawa sau 3,000 a minti ɗaya kafin ya ba da wutar da ta dace da kayanmu, ko da cajar waya ɗaya ka soka masa. Ƙarar ba ta raguwa, shan mai ma bai cika raguwa ba. Mai ƙarfin wajen wat 2,500 yakan kai kilo 40 ko fiye, ga cin wuri a cikin mota. Ka yi tunanin sauke shi da ɗora shi kai kaɗai safe da yamma, kwana huɗu a jere.

Na uku shi ne mai inbata, wanda Turawan da ka gani suke yabo. Shi wutar da injin ya samar ba ta zuwa soket kai tsaye. Tana bi ta wani fanel da ke mayar da ita irin ta batir, sannan ya sake gina ta tsaf a kan bolt 230. Tunda fanel ne ke daidaita wutar, injin yana da damar rage gudu in kaya kaɗan ne, ya ƙara in an ƙara masa. Daga nan rashin ƙara da rashin shan mai suka samo asali. EU22i kilo 21 ne, hannu ɗaya ake ɗaukarsa, tankinsa lita 3.6, kuma da kashi ɗaya bisa huɗu na kaya yakan yi wajen awa 8 kafin ya nemi ƙari. Wato bai kai rabin lita a awa ba, alhali na firam yakan doshi lita guda. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan bambanci ya zama kuɗi na gaske. Mutum biyu za su tsaya kusa da shi su yi hira ba tare da ɗaga murya ba. Kada ka raina wannan. A halin da hanyoyinmu suke ciki, injin da ake jin ƙararsa daga nesa cikin dare shela yake yi cewa ga baƙo da mota da kaya.

Amma bari in nuna maka cikinsa. In ka kwance sukurorin gefe ka cire murfin roba, a bayan soket za ka ga wani akwatin alminiyam mai tsaga-tsaga, girmansa bai wuce tafin hannu biyu ba. Ka juya shi, za ka tarar an cika shi da wani baƙin danƙo da ya daskare kamar dutse, wayoyi kawai suka leƙo. Duk ƙananan kayan lantarkin suna binne a ciki, saboda kada girgiza da laima su taɓa su. Dabara ce mai kyau, sai dai ranar da wani abu ya ƙone a ciki babu inda za ka sa bakin mita, balle ka narka dalma ka canza. Gaba ɗayansa ake sakewa, kuma kuɗinsa kan cinye babban kaso na kuɗin sabon inji. Akwai injinan inbata masu kyan gani da suka yi shekaru a kan kanta a shagona, lafiyar injinsu ƙalau, fanel kawai aka rasa, saboda wanda ya shigo da su kwantena ɗaya ya kawo ya koma harkar tayil.

Ga ra'ayina. In aljihu zai ɗauka, ka sayi mai inbata na ajin 2,000 daga kamfanin da ke da wakili tsayayye a ƙasar nan. Honda ta kafa kamfaninta a ƙasar nan tun 1979, tana kuma da masana'anta a Ota ta jihar Ogun, Yamaha ma tana da kamfanin haɗin gwiwa a Legas, don haka akwai inda za a nemo kayan gyaransu ko da za a jira. Na ce ajin 2,000 duk da cewa kayanka ba su kai 400 ba, saboda cajar batir da zan yi magana a kanta, da kuma tashin firji a kan tudun Jos. In kuɗin ya yi yawa, akwai matsakaici da nake yawan nuna wa mutane: mai inbata amma a buɗaɗɗen firam, wanda injinsa irin na GX ɗin nan ne. Ya fi rufaffen ƙara da nauyi, amma yana rage gudu, wutarsa tsaf take, kuma duk abin da ya lalace in ba fanel ba makaniken Saminaka zai gyara maka. Rufaffen inbata mai araha wanda ba ka taɓa jin sunansa ba, shi ne nake tsoro. Araha ba ta ado.

Ka yi hattara da na hannu, musamman tokumbo daga Amurka. Wutar Amurka bolt 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 230 ce mai bugu 50. Honda EU2200i da kake gani a bidiyonsu ɗan'uwan EU22i ne, kamanninsu ɗaya, amma na ƙasarsu ne. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini irinsa yana murna ya yi tsintuwa, ya ce fanka ce kawai ba ta gudu sosai. Da na nuna masa ramukan soket ɗin, masu tsaga biyu a tsaye, na ɗora mita ta nuna 120, sai jikinsa ya yi sanyi. Ana iya sa taransifoma ta ɗaga wutar, amma ƙarin nauyi ne da ƙarin asara, kuma bugun 60 yana nan bai canza ba. Na Ingila da Turai da ƙasashen Larabawa da yawa sun dace da mu ta fuskar bolt, amma ka karanta allon da idonka. Jabu ma suna nan birjik. Jan fenti da sitika ba su ne Honda ba. In farashin ya yi daɗin da ya wuce hankali, ka san akwai magana.

Yanzu garanti. Shekara ukun da ka gani gaskiya ne, amma na wanda ya saya a Amurka ne daga dilansu, kuma a can ake cika shi. Bai biyo injin cikin kwantena ba. A nan abin da na fi gani wata shida ne zuwa shekara ɗaya, wani wurin ma kwana bakwai ne na gwaji, wani kuma da ka fita ƙofar shago an gama. Kuma garantin iri biyu ne da mutane ke cakuɗawa. Akwai na kamfani, wanda yake zuwa da kati, ana cike shi da lambar injin da ranar saye da hatimin dila, kuma akwai wurin gyara da aka amince da shi. Akwai na baki, wato mai shago ya ce maka, haba Alhaji, in ya yi wani abu ka dawo da shi. Na bakin ba banza ba ne in mutumin ya shekara ashirin a wuri ɗaya kuma yana jin kunyar idonka. Sau da yawa ma ya fi katin saurin biyan bukata. Amma in yaron shago ne ya faɗa ba maigidan ba, ko shagon bara ba ya nan, to iska ce.

Ka yi wa mai sayarwa tambayoyin nan kafin ka ciro kuɗi, ka kuma lura da fuskarsa. In ya lalace, ina ake kai shi: nan Zariya, ko Kaduna, ko Kano, ko sai Legas? Wa zai biya kuɗin mota? Kwana nawa ake ɗauka? Sai babbar tambaya: fanel ɗin wannan samfurin da kafiretonsa, kana da su a ƙasa yanzu? Ka ce ya ɗauko ka gani, ka tambayi kuɗinsu. Wanda ya shiga ciki ya fito da fanel a leda, ya fi mini wanda ya miƙo kati mai ruwan zinariya. In ya ce ai wannan ba ya lalacewa, ka yi masa sallama. Ni da zan iya, sai in ce ka fara zuwa wurin makaniken da ka yarda da shi ka tambaye shi wane iri ne yake samun kayansa ba wahala, sannan ka nufi kasuwa, ko nan Sabon Gari ko Kano.

Ka san kuma abin da garanti ba ya ɗauka, don a nan ake yin rigima. Ba ya ɗaukar ɓarnar gurɓataccen mai, ko ɗora kaya fiye da ƙima, ko tafiyar da inji ba baƙin mai, ko ruwan sama, ko kayan da ke cinyewa kamar fulogi da igiya. In wani makanike da ba nasu ba ya buɗe injin, yawanci garantin ya faɗi. Ga matafiyi wannan tarko ne: inji ya tsaya a Kachiya, ka ba wani ya kwance, ka dawo Zariya a ce ai an taɓa. Ka tambaya tun farko me aka yarda ka yi da kanka. Wanke kafireto, canza fulogi da baƙin mai bai kamata su ɓata garanti ba, amma a rubuta maka. Haka mayar da inji mai amfani da gas, wanda ya yaɗu bayan tsadar fetur: in ba daga kamfani ya zo da wannan tsarin ba, canza kafireton yana kashe garanti, kuma ƙarfin injin yakan ɗan ragu.

Rasit ɗinka ya ƙunshi sunan shago da adireshi, samfurin inji, lambar jikinsa, da tsawon garanti a rubuce. Ka gwada lambar rasit da ta jikin inji harafi da harafi, ka ɗauki hotonsu a waya. Doka tana bayanka: dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka tarar da aibi a cikinsu, kuma rubutun nan na ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a dawo da su bai soke wannan haƙƙi ba. Ana iya kai ƙorafi ta shafin hukumar. Sai dai ba ta da abin kamawa in ba ka da takarda, kuma tafiyar takan yi tsawo. Shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar layin sukan warware irin wannan cikin yini ɗaya in ka je da rasit da ladabi.

Kada ka bar shago sai an tayar da injin a gabanka. A buɗe kwali kana kallo. Sabon inji ba ya zuwa da baƙin mai, don haka a zuba a gabanka, kada wani mai gaggawa ya ja igiya a bushe. Ka je da mita ko ka ari ta shago: ta nuna tsakanin 220 da 240. Sai a soka dutsen guga, a bar shi minti goma sha biyar. Inji mai lafiya zai ɗan yi nishi ya daidaita, mita ba za ta faɗi sosai ba. Wanda ya shiga hawa da sauka kamar mai shessheka, ko wuta ta zube ƙasa da 200, ka bar musu kayansu. In mai inbata ne, ka kunna maɓallin tattalin mai ka ji ya sassauta, ka soka guga ka ji ya ɗauka ba tare da ya yanke wuta ba. In na firam ne, ka tambaya ko wayar kwayil jan ƙarfe ce ko alminiyam. Jan ƙarfe ya fi jure zafi kuma ya fi karɓar gyara, kuma za ka ji shi a nauyi.

Bayan saye, amincin inji rabi a hannunka yake. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini da sunan sun lalace, mai ne ya kwantar da su. A ƙasan kafireto akwai wani ɗan sukurun tagulla mai rami kamar na allura, ta nan fetur ke bi. In ka ajiye inji wata biyu da mai a ciki, fetur ɗin ya bushe ya bar wani danƙo ruwan zuma mai warin tsohon fenti, ya toshe ramin. Sai ka yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage, ko ya tashi da cok ya mutu da ka sake shi. Naka da zai yi tafiya ya dawo ya zauna ya fi kowa shiga wannan hali. In ka dawo gida, ka rufe famfon mai ka bar shi ya shanye ya mutu da kansa, sannan ka sassauta sukurun tsiyaye mai da ke ƙasan kafireto ka tsiyaye ragowar. Ka sayi fetur a gidan mai kafin ka bar gari, ka guji na 'yan bumburutu in ba dole ba, in kuma dole ta sa, ka tace shi da tsumma mai tsabta. Ko na gidan mai ma, ba mu manta abin da fetur mai yawan methanol ya yi wa injina ba a watan Fabrairun 2022.

Baƙin mai na farko ka zubar da shi bayan awa 20, domin yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfen sabon inji. Daga nan littafin Honda ya ce duk awa 100 ko wata shida, amma da zafinmu da ƙurarmu ni a awa 50 nake canzawa, tunda abin da yake sha bai kai rabin lita ba. Soson iska kuwa, lokacin hunturu ka duba shi duk tafiya. Ƙurar filin kasuwa in ta wuce soso, ringi take ci. Kada ka ajiye injin a kan turɓaya, ka sa masa katako a ƙasa.

Sai abin da ya fi duk waɗannan nauyi, Malam. Kada ka kwanta barci a mota janareta yana aiki kusa da kai. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar carbon monoxide, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma mai barci ba ya farkawa ya ji ta. Kana jin labarin iyalai da ake wayar gari a tarar sun rasu a ɗaki saboda janareta, to cikin Hiace ya fi kowane ɗaki ƙanƙanta. Rashin ƙarar mai inbata ma yana ruɗar mutane su jawo shi kusa. Ka nisanta shi aƙalla mita 6, bakin salansa yana kallon wani gefen, ka kuma lura da inda iska ke kaɗawa. Ba a cikin mota ba ko da ƙofar baya a buɗe take, ba a ƙarƙashinta ba, ba a jikin taga ba. Ka sayi ɗan ƙararrawar da ke gano wannan iska, mai amfani da batir, ka manna kusa da inda kai yake. In wani ya tashi da ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya, a fita waje nan take, a kashe inji, a nemi asibiti.

To ta yaya fanka za ta kwana tana juyawa? Da batir. Ka sa batir na daban a motar, ba na tayar da injin motar ba. Na lithium mai 100Ah yana riƙe wajen wat 1,200 na awa ɗaya, wanda zai ɗauki fanka mai aiki da bolt 12 da fitila da caji har asuba, har da ƙaramin firji in irin na mota ne. Sai janareta ya yi aiki awa uku ko huɗu tsakanin la'asar da isha, ya cika batir ta caja mai amfiya 30, firji ya yi sanyi, a kashe shi, a ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo, a kwanta. In ka ɗora faifan sola a rufin motar, wata ranar ma ba za ka ja igiya ba. Kada ka yi cajin lithium da ɗan soket ɗin bolt 12 da ke jikin janareta, wutarsa kaɗan ce kuma ba a daidaita ta ba. Caja ta gaske za ka soka a soket ɗin 230.

Wayar da za ta haɗa inji da mota ta zama mai kauri, murabba'in milimita 2.5, tsawon mita 10 zuwa 15, kuma a warware ta duka, don in tana naɗe zafi take yi. A cikin motar a sa makashin kariya mai yanke wuta in ta zubo, na miliamfiya 30, kuma mai aikin lantarki ya gwada shi da janaretan kansa, saboda yadda aka haɗa wasu ƙananan injinan makashin ba ya faɗuwa sai an yi wani ƙarin haɗi. Jikin mota ƙarfe ne, ga yara. Jarkar fetur kada ta kwana inda mutane suke kwana, ka yi mata mazauni a waje inda rana ba ta dukanta kai tsaye. Kada a ƙara mai inji yana aiki ko yana da zafi. Da damina ka yi masa rumfa ta sama kawai, gefe a buɗe. In kun je Yankari, ka tambayi ma'aikatan sansanin Wikki inda aka yarda a kunna inji, kuma kada ka bar ƙofar mota a buɗe, biran wurin ba su da kunya.

A aljihun motar ka ajiye fulogi biyu da sifanarsa, igiya ɗaya, baƙin mai lita guda, soson iska, sukurdireba, da kafireto sabo cikakke in samfurinka yana da shi da sauƙin kuɗi. Ranar da za ka ɗauko injin ka biyo da shi shago, in nuna maka yadda ake cire kafireton a mayar. Aikin minti ashirin ne.